Takardar Dillali a Wuyan Yarinya

Shekarar da sanƙarau ya shigo Potiskum, a zamanin Turawa, ina koyar da addini a makarantar boko ta manyan yara. Duk ƙarshen zango yaran kan yi wasan kwaikwayo a filin makaranta, iyaye su zo su zauna a tabarmi. Ni ne mai kula da shi, don babu wanda ya so aikin. A waccan shekarar mun shirya wasa a kan dillalin shanu da ke yabon saniya gurguwa.

Da cutar ta tsananta aka ce a rufe makaranta, kowa ya koma garinsu. Babban malami ya kira ni ya ce in an dawo yaran ba su riƙe maganganunsu ba, za a daina wasan har abada, a mayar da lokacinsa na aikin lambu. Dama ba ya sonsa.

Na yi tunani, yaro ba ya haddace wasa shi kaɗai, sai da mai amsa masa. Iyayen kuwa ba su san boko ba, amma da yawa suna karanta ajami. Sai na dafa tawada, na fere alƙalami, na rubuta wa kowane yaro rabonsa da ajami, har da maganar abokin wasansa, don uba ko wa ya riƙa karanta masa. Kundin wasan ya zauna a kulle a ofis.

Bayan 'yan makonni na hau keke na bi su. Na Danchuwa sun yi ƙoƙari. A Nangere na sami wanda zai fito a dillali, dogon saurayi ɗan Karai-Karai, yana sunkuyar da kai.

Na ce, "Ina takardarka?"

Ya nuna cikin gida. Ƙanwarsa ce ta kwanta, uwar ta ga rubutun malami a irin wannan lokaci, ta kai wa baduku ya ɗinke shi da jar fata, ta rataya wa yarinyar a wuya.

Na tsaya a zaure. Yarinyar ta fara shan kunu, amma ban ga halin in bar uwar a kan abin da ba gaskiya ba. Na yi sallama, ta zo bayan zana.

Na ce, "Uwar gida, ki yi haƙuri. Abin nan ba addu'a ba ce. Maganar dillali ce da mai sayen saniya."

Ta ce, "Malam, da me ka buɗe rubutun?"

"Da bisimilla, kamar kowane rubutu."

"To, a bar mata. Sauƙi na Allah ne, na sani. Amma ba mai farke fatar nan."

Ban ja da ita ba. Na yi wa yarinyar addu'a ta gaskiya daga inda nake tsaye, na ari allo, na zauna gindin tsamiya in sake rubutawa da ka. Rabi ya zo, rabi ya ƙi. Uban saurayin yana gefe yana tufka igiya, yana jin ina maimaitawa.

Can ya ce, "Malam, gafarta, wane dillali ke cewa saniya kyakkyawa ce? Ai sai a gudu. Cewa zai yi ba ta son yawo, ba ta taɓa shiga gonar kowa ba."

Ashe ya yi shekaru a kasuwar shanu. Na miƙa masa wuya, yana faɗa ina rubutawa, ɗan yana dariya yana maimaitawa, har la'asar. Hausar tsohon ba ta miƙe sosai ba, na bar ta yadda ta fito.

Da damina ta sauka cutar ta lafa, aka buɗe makaranta. Yara biyu ba su dawo ba, Allah ya ji ƙansu, muka raba maganganunsu ga wasu. Babban malami ya zo gwaji ya zauna a kujera yana haɗe rai, kundin a hannunsa. Da saurayin ya kai wurin gonar kowa, sai babban malami ya ɗaga kundin ya rufe fuskarsa, kafaɗunsa suna rawa.

Ya ce, "Wannan ba ya cikin littafi."

Na ce, "Ba ya ciki, ranka ya daɗe."

Ya ce a shigar da shi, a kuma sanar da iyaye za a yi wasa ranar Asabar.