Ranar da Aka Yi Wanki a Gindin Antan

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da motar ruwa ta shigo filin antan ɗinmu ba. Shekarun fari ne, lokacin da mace a Damagaram ke wuni a layin famfo ta koma gida da rabin bokiti.

Ku yaran yanzu ba ku tarar da filin ba. Antan ɗin turakun ƙarfe ne dogaye a bayan gari, an haɗa su don su tura muryar radiyo gabas da yamma. Ni shara aka ɗauke ni, sai da na haifi 'ya'yana duka na shiga karatun manya. Da shef ɗinmu, wato shugaban wurin, wanda muke kira Mushe Bulus, ya ga ina karanta lamba, ya sa ni cikin masu awo. Mukan zagaye filin daga nesa, ƙauye ƙauye, mu ɗaga ƙaramar antan a kan sanda, in karanta inda allurar akwatin awo ta tsaya, shi kuma ya ɗiga a takarda. In an haɗa ɗigon sai siffar muryar ta fito, a ga inda ta kai da inda ta gaza.

A wannan zagayen Hamdara na ji sama-sama, amma a Garagumsa allura ta kwanta. Kuma ta radiyo ake faɗin ranar rabon hatsi. Wani dattijo ya tare mu ya ce sau biyu suna zuwa bayan an watse.

Shef ya ce ƙasa ce ta bushe. Akwai wayoyin tagulla binne a ƙarƙashin turakun, in babu laima ba sa aiki sosai. Ya roƙi motar ruwa daga biro, wato babban ofishinmu.

Motar ta biyo ta unguwar Kara-Kara tana ɗiga, mata suka bi ta da bokitai har filin. Da suka ji a ƙasa za a zuba, wuri ya kaure. Ni ma raina ya ɓaci, na tsaya gaban tiyo na ce, "Shef, wallahi sai dai ka kore ni. Ruwan sha za ka bai wa ƙarfe?"

Ya ce, "Hadiza, ke kika karanta allurar. Me zan ce wa mutanen Garagumsa?"

Gaskiya ya faɗa.

Sai wata tsohuwa, Iya Gambo mai ƙosai, ta matso ta ce, "Kai ɗan nan, ƙarfen naka basarake ne, da ba ya sha sai mai kyau?"

Shef ya fashe da dariya. Ya ce, "Iya, mai datti ma ya fi so."

"To ba mu wuri."

Ya sa aka kashe injin, aka ja igiya nesa da gindin turakun. Kowace mace ta ɗebi na sha, sauran kuma aka hau wanki da shi a kan ƙasar da wayoyin ke binne. Zannuwan da suka yi wata ba su ga ruwa ba, tukwane, 'ya'ya tsirara ana cuɗa su suna ihu. Matar shef ta zo da nata ƙullin, Iya Gambo tana tsokanarta wai rigunan coci ma suna datti ashe. Kumfa ta bi ƙasa ta nitse. Mako guda ana haka.

Muka koma Garagumsa da akwatin awo. Allura ta ɗaga, ba da yawa ba, amma ta ɗaga. Muna nan aka karanto sanarwar rabo a radiyon mai shayi, tar. Ban gama naɗe waya ba na ga jakuna sun kama hanya.

Shef ya rasu, an sare turakun, gidaje sun cinye filin. Abin da na riƙe shi ne, mai awo ba allura kaɗai yake karantawa ba. In ta kwanta, ku tambaya wa ya kwana da yunwa a wurin.