Ranar da Kaka Ta Ƙona Min Ƙwallon Kimiyya

Ko zan manta komai na zamanin makarantarmu ta Wurno, ban da ranar da kakata ta jefa aikina a murhu. Lokacin ruwan dam bai daɗe da fara ratsa gonakin Goronyo ba, ko'ina albasa ce kore shar.

Malamar kimiyyarmu, wata Kirista mai son mu kamar ƙannenta, ita ta ba mu labarin wata ƙwayar sinadari ta kabon zalla, mai siffar ƙwallon ƙafa. Ta ce masana kan dasa mata rassa kamar na bishiya. In haske ya faɗa kan rassan, sai ƙarfinsa ya bi su daga wannan zuwa wancan har ya isa ƙwallon da ke tsakiya, wani lokaci ma har lantarki ya motsa. Ni ta zaɓa in nuna wannan a taron makarantu a Rabah, ni da ko a aji bakina rawa yake. Muka haɗa siffar da busasshiyar magarya da ƙayar aduwa, rassan kuma da tsinken tsintsiya. Ta damƙa mini, na kai gida Goronyo na rataye a ɗaki.

Na dawo daga kai abinci gona na tarar ba ya nan. Kaka na bakin murhu tana ta addu'a.

"Kaka, ina abin da na rataye?"

"Wanga mai ƙaya? Na ƙone shi, ja'ira. Sammu na aka yi miki don a hana ki karatu."

Wallahi zama na yi a ƙasa ina kuka. Taro jibi, kuma da wane ido zan dubi malama? Da na yi mata bayani cikin shessheka, sai ta ce, "To mi ya hana a sake wani? Magarya ta ƙare a duniya?"

Tsohuwar nan da ke fama da gwiwa ta ɗauki sanda ta tafi ta kaɗo magarya. Muka zauna a inuwa, ina nuna mata tana sokawa, ƙaya na huda mata yatsu tana tsaki. Ƙwallon ya fito a karkace, ɗanye, amma shi na kai Rabah. Da bakina ya fara rawa sai na dubi ɗigon jininta da ya bushe a jikin wani tsinke, na yi bayanina tsaf har ƙarshe. Ba mu ci gasar ba, malama dai ta rungume ni.

Kaka ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, kuma har yau ina kewarta. Ita ta koya mini cewa ba duk wanda ya ɓata maka abu ne maƙiyinka ba. Wani tsabar son da yake maka ne ya sa, kuma shi zai zauna ya gyara da kai.