Ƙarar da ta biyo ni ina jan motar Yaya Habibu

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu bai sake ni ba.

Na ga kaina cikin akori-kurata, ina jan motar yayana Habibu da igiya, shi yana ciki yana riƙe da sitiyari. Rana tsaka ce amma babu inuwar komai a ƙasa. Hanyar kamar ta garinmu, sai dai babu mota ko ɗaya, kuma gonakin gefen titi duk an girbe su.

Muna cikin tafiya na fara jin wata ƙara daga baya, ƙwas, ƙwas, a hankali. Na rage gudu ta ragu, na taka ta ƙaru. Na tsaya na sauka. Na duba tayoyi, na girgiza salansa, na kwanta na leƙa farfela da sifirin, komai a ɗaure yake. Na ce, "Yaya, kana jin ƙarar nan?" Ya dube ni ta gilashi kawai.

Sai kawai na gan mu a bakin wani busasshen kogi. Wani tsohon bakanike yana zaune a kan taya, hannunsa fes, ba ko ɗigon baƙin mai. Ya taso ya kara kunnensa a jikin motata, ya daɗe yana saurare. Ya ɗago ya ce, "Taka lafiyarta ƙalau. Kwance igiyar, ɗana, ka tafi gida."

Na ce, "Baba, yayana ne a ciki." Ya koma ya zauna abinsa.

Ban kwance ba. Na tayar da mota muka ci gaba, ƙarar ta dawo, yanzu da ƙarfi. Na kalli madubi. Babu kowa a kujerar direban motar Yaya, amma sitiyarin yana juyawa yana bin hanya daidai. Yaya yana kujerar baya, yana ƙwanƙwasa gilashi da yatsa, bakinsa yana motsi ba na jin muryarsa. Ashe ƙarar ke nan tun farko.

Na taka birki, ƙafata ta shige har ƙasa. Sai kawai motarsa ta koma gabana, igiyar ta miƙe, ita ke jana zuwa wata gangara da ban ga ƙarshenta ba. Ina kiran sunansa na farka, rigata sharkaf da gumi.

Na yi addu'a, na ce ko gajiya ce. To da hantsin nan Yaya Habibu ya kira ni, wai motarsa ta mutu a hanyar kasuwa, in zo gobe in ja masa ita gida. Na ce masa to, ban ba shi labarin mafarkin ba.

Don Allah masu sani, mene ne fassarar wannan? In je, ko in nema masa wani ya ja?