Atamfar da na sa ta cire

Da za a maido mini rana guda in gyara, zan zaɓi ranar da na sa matata ta cire sabuwar atamfarta.

Lokacin muna jera duwatsu a tuddan Keita don tare ruwan damina. Ni ne shef, wato shugaban ƙungiyarmu, saboda na ɗan zauna lakkwal, makarantar boko, ina jin Faransanci kaɗan. Wani mai ɗaukar hoto ya zo daga birni. Matata ta sa kwalli, ta ɗauro atamfar salla. Ya dube ta, ya ce mini ta yi tsabta da yawa. Don ya ga ina da iko, na aro mata wani tsumma, na ce ta tuɓe takalmi, ta bar murmushi.

Ta ce, "Maigida, haka za a gan ni?"

Na ce, "Wa zai gani?"

Bara ɗiyarmu ta kai ni Yamai wajen likitan ido. Da muka gama, ta ja ni wani ɗan muze, gidan nunin ayyukan masu fasahar zamani. Ɗaki biyu ne kawai. Akwai raƙumin da aka haɗa da tsofaffin ƙarafan babur, har ya ba ni dariya. Sai muka juya bango na ƙarshe.

Matata ce. An faɗaɗa hoton ya fi ƙofa tsawo, dutse a kanta, faso a ƙafa. An malala jan fenti a bakinta, an liƙa buhunan hatsin taimako kewaye da ita. Wasu mutum biyu masu ƙamshin turare suna shan lemo a gabanta, ɗaya na cewa wahalar ta fito da kyau.

Ɗiyata tana goye uwar ta rasu, kuma ba mu da hotonta ko ɗaya. Na ce mata, "Innarki ce."

Ta daɗe tana kallo. "Baba, haka ka bar Inna tana yawo?"

Na so in ɗora wa talauci laifin. Na kasa, na faɗa mata yadda aka yi. Ba ta yi faɗa ba, ta dai tambaya, "Atamfar wane launi ce?"

Na manta.

Ku da kuke karantawa, in baƙo ya zo ɗaukar hoton iyalinku, ku bar su da kayan da suka zaɓa. Fuskar da kuka bari ya tafi da ita, wataƙila ita kaɗai ƴaƴanku za su samu.