Sunan da Aka Kira a Bakin Ƙanƙara

Dauloli sun tashi sun faɗi, an rubuta su a littattafai masu kauri, ni kaina na koyar da labarin wasunsu a shekarun da na yi ina riƙe da alli. Amma in aka tambaye ni babban al'amarin da ya auku a ƙarnin nan, ba zan ambaci yaƙi ko annoba ba. Zan ce kakar wasan hokin ƙanƙara ce ta shekarar da maigidana ya rasu, wadda wata ƙaramar ƙungiya ta London ta buga, ta kuma buga ta ba daɗin gani.

Ga wanda Allah ya tsare bai san wasan ba: ƙartai ne ake ɗaura wa wuƙaƙe a ƙasan takalma, a sake su kan daskararren ruwa, kowa da sanda mai lanƙwasa, suna bin wani baƙin faifai mai kama da wainar da aka manta a tanda. Biyansu ake yi a kan haka. In ɗaya ya yi laifi, alƙalin wasa ya tura shi wani akurkin gilashi a gefen fili, ya zauna shi kaɗai yana kallon duniya na tafiya ba shi. Maigidana ya raɗa wa akurkin suna ɗakin takaba. A lokacin dariya na yi.

Likita ne, mai sa mutane barci kafin a yi musu aiki, kuma sana'ar ta bi shi har gida. Muryarsa ba ta tada jariri. Duk zamanmu a unguwar Woolwich maƙwabta ba su taɓa jin ta ta bango ba. Wani majinyaci ne ya fara ba shi tikiti, daga nan ya kamu, har ya mallaki kujerarsa ta kansa da yake sabuntawa duk shekara. Ranar Lahadin da ake wasan gida, da an yi la'asar zai naɗa mayafin ulu mai launin ƙungiyar a wuya, ya cika fulas da shayin citta, ya fita.

Sau ɗaya na bi shi, tun farko-farko, kafin ya sami wurin zama na dindindin. Sanyi ya shige ni har ɓargo. Ana tsakiyar wasa alƙali ya busa usur ya nuna wa ɗan wasanmu akurki, sai na ga mutumin nan da ke neman gafarar ƙofa in ya buge ta ya miƙe tsaye, ya kewaye baki da tafin hannu, ya kwarara: "Jaki!"

Na ja masa riga. "Likita, a gaban mutane?"

"Wa ke ji, Mai Suna?" Ya zauna ya zuba mini shayi kamar ba shi ba.

Ban sake zuwa ba.

Mai Suna yake kirana, domin sunana sunan mahaifiyarsa ne. Tun daga zance har ranar da aka ɗauke shi daga gidan, sunan nan bai taɓa fita daga bakinsa ba. Ko a ofishin council, wato ƙaramar hukuma, aka tambaye shi sunan matarsa, fasfo yake miƙawa. Na san girmamawa ce, haka na gaya wa ɗiyarmu ranar da ta tambaya. Duk da haka na taɓa roƙonsa cikin wasa, muna mu biyu a kicin, ya faɗa sau ɗaya in ji yadda zai zauna a bakinsa. Ya yi murmushi ya ce albasata na ƙonewa. Da gaske kuwa tana ƙonewa.

Kakar ta fara da kyau, in ji shi. Sun ɗauko mai tsaron raga daga wata ƙasa mai sanyi, dogo, wanda ba ya magana da kowa, kuma maigidana ya ga ɗan uwa a cikinsa. Sun yi ta cin wasa har ganyen bishiyoyi ya gama zuba. Sai gwiwar mai tsaron ragar ta goce. Ba a daɗe ba, wata Talata da safe, maigidana na sunkuye yana ɗaure igiyar takalmi, zuciyarsa ta tsaya.

Na shiga takaba a flat ɗinmu da ke can saman bene, inda tagar falo ke kallon kogi. Yayarsa ta taso daga unguwar Lewisham ta tare da ni. Kafin ƙarfe huɗu duhu ya rufe, ni kuwa ina bayan gilashi ina kallon jiragen ƙasa na kai mutane gari suna dawo da su. Ban faɗa wa kowa abin da wannan zama ya tuna mini ba.

Ɗiyata ce ta nuna mini cewa ana sa wasannin ƙungiyar a intanet, na da da na yanzu. Kyamara ɗaya ce, da makirufo ɗaya da aka rataye kusa da layin kujerarsa. Na riƙa kunna wasannin farkon kaka ina jiran alƙali ya yi kuskure. Ba ya daɗewa. Usur, sai ihun jama'a, sai muryarsa ta hau saman ta kowa. Wasu matan an bar musu wasiyya, wasu gida. Ni abin da aka bar mini na murya ke nan.

Cikin hunturu ƙungiyar ta lalace. Aka yi ta lallasa su gida da waje, ni kuma na koma kallon wasannin kai tsaye, ban san dalili ba, wataƙila don in ga wasu ma na cikin wani hali. Wata Lahadi bayan magariba, Yaya na gefe da carbinta, alƙali ya tura ɗaya daga cikin namu akurki. Ihu ya tashi ya lafa. A cikin lafawar aka ce: "Jaki!"

Kofin da ke hannuna ban san lokacin da na ajiye shi ba.

"Yaya, kin ji?"

"Na ji Turawa na ihu. Tun ɗazu suke yi."

"Muryarsa ce."

"A'uzu billahi. Ke da karatunki? Wanda ya tafi ya tafi. Rufe abin nan, mai takaba da kallon ƙartai suna dambe cikin firji."

Ɗiyata, da na gaya mata a waya, ta amsa da Turanci kamar kullum, wai tsohon wasa na kunna ban lura ba. Amma sabon mai tsaron raga ne a fili, gajere mai gemu, wanda aka kawo bayan an yi sadakar arba'in.

Da kalmar ce kawai da ban damu ba, bakin taro ba abin da ba ya fitarwa. Yadda aka faɗe ta ne. Na koyar da Hausa ga 'ya'yan mutanenmu a nan, na san yadda harshen Bature ke yi da kalmominmu: ya daki gaɓar farko, ya yar da ta biyu. Wannan kuwa an ja gaɓar farko a ƙasa, an ɗaga ta biyu sama, har da ɗan karyewar nan da muryarsa ke yi a ƙarshe saboda rashin sabo da ihu.

Wasan gida na gaba aka sake. Na bayansa ma haka. Sau ɗaya a kowane wasa, kuma sai an kai namu akurki. Ƙungiyar ta ɗan farfaɗo wajen ƙarshen hunturu, masu sharhi suka ce gajeren mai gemu ne sanadi. Na daina gaya wa kowa. Tsoron ma ya tafi, wani abu da ya fi shi muni ya maye gurbinsa, wato haushi. In har an ba mutum izinin kalma ɗaya tak daga inda yake, ya aiko wa duniya, ashe alƙalin wasa zai aika wa? Yanzu da yake can tare da mahaifiyar tasa, mai sunan na asali, wace kunya ta rage? Ina sallah ina roƙa masa gafara, ina sallamewa ina jin haushinsa.

Na fita takaba saura wasan gida ɗaya kakar ta ƙare. Tun bayan rasuwarsa, ɗiyata ta buga wa ofishin ƙungiyar waya a soke tikitinsa, matar da ta ɗauka ta ce kujerar tasa ce har ƙarshen kaka. Na yi wanka, na sa kaya masu launi, na ɗora mayafinsa na ulu a kan nawa. Yaya ta dube ni sama da ƙasa.

"Fitar farko, mutane na zuwa gaishe da dangi, ke sai firji?"

"Gaisuwar zan je, Yaya."

Wurin na nan da warinsa na roba da soyayyen dankali. Na sami layin, na sami kujerar. Makirufon na rataye a sama kaɗan. A kujerar da ke kusa wani tsohon Bature ne, jajir, mai manyan hannaye. Ya dubi mayafin, ya dube ni, ya miƙe a hankali ya cire hularsa. Da Turanci ya yi magana.

"Ke ce Jaki."

Malama guda, sai a lokacin na tuna Turawa na da wani sunan mata da ke kusa da haka.

"Shekara da shekaru muna zaune tare," in ji shi. "Mutum ne marar magana. Amma duk sanda abu ya ɓaci mana, ke yake kira. Na taɓa tambayarsa, wannan da kake kira matarka ce? Ya yi dariya har da hawaye, bai ce a'a ba." Ya murza hular a hannunsa. "Ni tawa ta rasu ban taɓa kiran sunanta da ƙarfi haka ba, ko sau ɗaya. Da aka gaya mana ya tafi, sai na ga bai kamata a daina ba. Na yi ta gwadawa a banɗaki har na kama yadda yake faɗa. Na faɗa daidai?"

"Daidai ka faɗa," na ce.

Aka fara wasa. A hutun farko wata mota ta shigo tana zagaya filin, tana shafe duk zanen da takalma suka yi, ta bar ƙanƙarar sumul kamar ba a taɓa taka ta ba. Na kalle ta har ta fita. Na buɗe baki in gaya wa tsohon gaskiya, domin gyara kuskure shi ne abin da na yi duk rayuwata, sai na ga yana zuba mini shayi daga nasa fulas ɗin. Babu citta a ciki.

Can wajen ƙarshe alƙali ya busa, ya nuna akurki. Tsohon ya miƙe, ya kewaye baki da tafin hannu. Na rufe ido. Daga dab da kunnena muryar ta fito, ƙasa sannan sama, da karyewarta a ƙarshe, mutanen layin suka amsa masa. Da na buɗe ido duk ni suke kallo, wata mata na share hawaye. Na ɗaga musu hannu.

An ci mu a ranar, ƙungiyar ta ƙare kakar can kusa da gindin teburin gasa. Na sabunta kujerar. Jaki suke kirana a layin, kuma ina amsawa.