Malam Ummaru da Waƙar Jigo

Bana shekara talatin da huɗu ke nan da rasuwar Malam Ummaru, malamina a elementare ta Rabah zamanin Turawa, wanda daga baya ya zama aminina. Ba don shi ba, da karatuna ya ƙare a aji biyu.

Ina aji biyun ne Baturen makaranta ya aiko cewa yana son yara su tarbe shi da waƙa. Labari ya kai wa mahaifina a Tursa. Washegari sai ga shi bisa jaki, ya zo tafiya da ni. A wurinsa waƙa sana'ar maroƙa ce, kuma gidanmu manoman albasa ne kaka da kakanni.

"Malam, karatu nik kawo shi, ba roƙo ba," in ji shi.

Ina tsaye da allona ina fatan kada a tafi da ni, don ina son makarantar ƙwarai.

Malam bai yi gardama ba. Ya ɗauko ƙamus ɗinsa da bangonsa ya fita, ya bayyana masa cewa su Turawa kalma ɗaya suke da ita ga abin da maroƙi ke yi, da baitin da malami ke rubutawa, har da kukan tsuntsu. Sannan ya ce, "Baba, in kuna ban ruwa da jigo, mi kuka hwaɗi?"

"Wanga ai aiki na. Mai jan guga ya bayar, mai buɗe hwangalin albasa ya amsa, don kar ruwa su ɓaci."

"To shi za su yi ma Bature, in ka yarda ka koya musu."

Kwana uku tsohon yana zuwa, fuska a murtuke, yana gyara mana amshi. Ranar da Bature ya zo muka yi, ya yi ta gyaɗa kai, ko kalma bai fahimta ba. Na hango Baba a bayan danga, bakinsa yana motsi. Ya koma gida shi kaɗai, ya bar ni a aji. Har ya bar duniya bai yarda ya taɓa yin waƙa ba, Malam kuwa bai taɓa ƙaryata shi ba.

Yau jikokina waƙa na cikin wayarsu dare da rana, kuma daga Wurno har Goronyo inji ne ke ban ruwa. Ina jin da Malam na nan, ba zai yi faɗa ba. Tambayarsu zai yi wane aiki suke yi da ita.

Bai bar gida na kirki ba, bai bar littafi ba. Abin da ya bari shi ne iya shawo kan mutum ba tare da ya kunyata shi ba, kuma ina kewarsa. Waƙar kuwa, mu uku muka rage da muka san ta, dukanmu 'yan ajin nan, kuma babu ɗayanmu da ya taɓa jan jigo.