Gonar da Baba Mani Ya Ara Mana

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, 2025, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Mani Rafin Dinya, wanda duk mai buga ƙwallo a ƙauyukanmu na arewacin Ɗanbatta yake kira Baba Mani. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar kwana tara. Ni ne Abdulrashid, sakataren ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Rafin Dinya. Na ɗauki biro ne saboda akwai magana tsakanina da shi da ban samu na faɗa masa ba.

Baba, kai ba ka taɓa buga ƙwallo ba. Har ka koma ga Allah ba ka gane dokar satar gida ba, duk ƙwallon da alƙalin wasa ya soke mana a wurinka zalunci ne tsagwaronsa. Amma babu wanda ya yi wa ƙungiyar nan abin da ka yi mata.

Filin wasa muna da shi, na gari ne. Wurin atisaye ne ya gagare mu, don a ƙasarmu gona tana jikin gona, ko taku ɗaya ba a bari banza. Shekara goma sha biyu da suka wuce ka kira mu, ka nuna mana gonarku ta bayan fili, ka ce mu kafa raga. Sharaɗi ɗaya ka gindaya: duk kaka mu kawo maka damin gero guda, da rana tsaka, a gaban mai unguwa. Wallahi mun sha dariya. Filin ƙwallo da gero! Haka 'yan wasanmu suke sayo dami su ɗauko shi a ka, suna tafe suna yi maka waƙar tsokana, kai kuma kana zaune kana murmushi.

Da aka sake gina filin wasa shekara huɗu da suka wuce, aka zagaye shi da katanga, aka yi rumfar manyan baƙi, ciyawar da muka sayo daga birni ko wata biyu ba ta yi ba ta ƙone. Sai ga ka da amalanken shanu, kana bin gonaki kana kwashe kiri-kirin da manoma suka nome suka watsar a kan iyaka. Mutane suka ce Mani ya fara ruɗewa, yana dasa abin da kowa ke kashewa. Ka ce musu, “Ciyawar da ta gagari fartanya, takalmin ƙwallo ne zai ga bayanta?” Damina ɗaya filin ya yi kore shar. Ko sisi ba ka karɓa ba, takin ma daga turkenka ka riƙa ɗebowa.

Rumfar nan ita ta ɗaga mu. Dillalan taki da masu injin casar shinkafa suka riƙa kama kujerunta na shekara guda, su rataya tallarsu, su zo da baƙinsu ranar wasa a kawo musu tsire da lemo mai sanyi. Da kuɗin muka haƙa rijiyar burtsatse, muka fara ba 'yan wasa alawus, muka daina roƙon mota in za mu wasa waje. Daga nan idona ya rufe, Baba. A watan Yuli wani kamfanin man gyaɗa ya ce zai gina mana ɗakin canza kaya da na motsa jiki a wurin atisaye, ya kuma kama rabin rumfa har shekara biyar. Abu ɗaya yake nema: takardar da ta nuna wurin na ƙungiya ne.

Ni aka tura wurinka. Na same ka a bakin fili kana cire ƙaya, na yi maka bayani, na faɗi kuɗin da za a ba ka. Ka ɗago ka ce, “Abdulrashid, aro na ba ku. Gonar nan ta mahaifinmu ce, ba a raba ta ba. Akwai rabon ƙanwata Kulu a ciki.”

Na ce, “Haba Baba! Inna Kulu da ta shekara arba'in tana aure a Bici, ta ma san inda gonar take?”

Ka ce, “Ni na sani.”

Abin da na faɗa bayan wannan ina jin kunyar rubuta shi, amma a gaban mutane na faɗa, don haka a gaban mutane zan maimaita. Na ce rowa ce ke damunka, na ce tsoho ɗaya ya tare wa gari gaba. Sai ka sunkuya ka ci gaba da aikinka. Wata uku na yi ina sauya hanya in na hango ka. Kai kuwa ba ka fasa zuwa duba ciyawa ba. Da aka ce kana kwance, na ce sai ranar Juma'a zan leƙa. Juma'ar ta same ni a zaman makokinka.

A can ne mai unguwa ya gaya mini inda damin nan yake zuwa. Ko zangarniya ɗaya ba ta taɓa shiga rumbunka ba. Duk shekara kai da kanka kake sa a sussuke, ka ɗaure a buhu, ka ba motar Bici a kai wa Inna Kulu, a ce mata ga na gonar babanta. Kana so ita da duk garin su riƙa tunawa cewa wurin yana da masu shi. Ka san halin mutane, ka san yadda rabon mace yake ɓacewa in ta yi nisa. Na zauna a kan tabarmar nan na yi kuka, ban damu da wanda ke kallona ba.

Ko kwana bakwai ba a yi ba, wasu a cikin kwamitinmu suka fara raɗe-raɗi. Wai babu takarda, wai shekara goma sha biyu muna kan wurin, wai a yi shiru a sa hannu kafin magada su farga. Ba zan kama suna ba, don da bakina aka fara irin wannan magana. Amma hannun sakatare ake jira, kuma ba za a same shi ba. Ga shaidata a rubuce, kowa ya karanta: wurin atisayen ƙungiyar Rafin Dinya aro ne. Gonar magadan Malam Mani ce da ƙanwarsa Kulu. Ina wurin aka bayar, da kunnena na ji.

Na je na durƙusa gaban Inna Kulu na gaya mata haka. Ta ce tana da jikoki da ba su da inda za su noma, za ta yi shawara bayan arba'in. Ban roƙe ta ba, ba ni da bakin roƙo. Kamfani ya ba mu zuwa ƙarshen wata, na san kuma ba zai jira ba. In Inna Kulu ta ce mu tashi, ni zan fara tuge raga.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka Inna Jumma, da 'ya'yanka Jamil da Aina'u, da Inna Kulu, da dukkan jama'ar Rafin Dinya. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ya Allah, bawanka Mani ya tsare haƙƙin wadda ba ta nan, Ka tsare shi daga azabar kabari, Ka yalwata masa makwanci, Ka gafarta masa kurakuransa, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Jamil, Aina'u, mahaifinku ya tafi ban nemi gafararsa ba. Ku nake roƙo, don girman Allah ku yafe mini a madadinsa.